Kafin Ƙungiyarku Ta Sayi Kwamfutar Tafi-da-Gidanka

A cikin ƙungiyoyin manoma da masunta na ƙasar Yauri, tun daga Yelwa da Birnin Yauri har Wara da Shanga da garuruwan bakin tafkin Kainji, maganar sayen kwamfuta tana yawan tasowa a wurin taro. Dalilin a fili yake. A dā magatakarda yakan riƙe littafi guda da biro, ya rubuta sunayen 'yan ƙungiya, da zubin kowa, da buhunan takin da aka raba, shi ke nan. Yanzu kuwa banki da ofishin gona da masu ba da rance sukan ce a kawo musu jerin sunaye a buge, tare da lambar waya, da lambar BVN, da lambar NIN, da girman gonar kowane mutum. Manoman Jihar Kebbi sun san wannan hali tun watan Nuwamba 2015, sa'ad da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka kira Anchor Borrowers, a Birnin Kebbi. Ƙungiyar da takardunta ba su cika ba, ita ce akan bari a baya.

Amma kuɗin kwamfuta kuɗi ne mai nauyi. Gumin mutane ne, an tara shi daga shinkafa da albasa da kifi. Idan aka sayi wadda ba ta dace ba, ba mutum ɗaya ne ya yi hasara ba, kowa da kowa ne. Shawarar da za mu bayar a nan guda ce: ku fara sanin aikin da za ta yi muku da wutar da za ta ci, sa'an nan ku je kasuwa.

Tambaya ta fari: muna bukatarta kuwa?

Ba kowace ƙungiya ce take bukatar kwamfuta ba. Idan mutanenku ba su wuce 20 ko 30 ba, kuma sau biyu ko uku a shekara kuke buga takarda, littafi mai kyau da wayar hannu sun ishe ku. In bukatar bugu ta taso, sai magatakarda ya je shagon buga takardu a Yelwa ya biya kuɗi kaɗan. Kuɗin da za a kashe a kan kwamfuta ya fi amfani a wurin iri ko injin ban ruwa.

Amma idan kuna da mutane 100 ko fiye, kuna ba da rance kuna karɓa da riba, kuna sayen amfanin gona ku adana ku sayar, ko kuwa kuna aika rahoto kowane wata, to, kwamfuta za ta rage wa magatakarda da ma'aji wahala ƙwarai. Lissafin da yakan ci kwana uku da biro, ita za ta haɗa shi nan da nan, muddin an shigar da lambobin daidai.

Akwai kuma tambayar da akan manta: wa zai yi aiki da ita? Idan babu ko mutum ɗaya a cikinku da ya iya, ku fara tura mutum biyu su koya. Garma ba ta yin noma ita kaɗai.

Ku rubuta ayyukan a takarda

Kwamiti ya zauna ya rubuta abin da ake so kwamfutar ta yi. Ga yawancin ƙungiyoyi, abin ba ya wuce waɗannan: jerin sunayen 'yan ƙungiya, lissafin zubi da rance, rubuta wasiƙu da rahoton taro, cika takardu ta intanet, aika saƙon imel, da adana hotunan gonaki da na rasit. Dukan waɗannan ayyuka ne marasa nauyi. Kwamfuta matsakaiciya tana yin su ba tare da wahala ba.

Kwamfutoci masu tsada sosai an yi su ne domin masu haɗa fim, da masu zanen gine-gine, da masu wasannin bidiyo. Suna cin wuta da yawa, suna zafi, batirinsu ba ya daɗewa. Mai shago zai so ya nuna muku irinsu, gama ribarsa ta fi yawa a can. Wanda zai kai buhu biyar kasuwa ba ya ɗaukar hayar tirela. Ku riƙe takardarku a hannu, ku ce masa ga aikin da muke so.

Abubuwa huɗu da za a duba a cikinta

Kwamfuta tana kama da gidan manomi a lokacin kaka. Akwai mai aiki, akwai masussuka inda ake baza amfanin gona, akwai rumbu inda ake adanawa, akwai kuma abincin da ke ba mai aikin ƙarfi.

Na ɗaya, furosesa. Ita ce mai aikin. Yawancin waɗanda ke kasuwanninmu na kamfanin Intel ne, masu suna Core i3, Core i5 da Core i7. Mutane da yawa suna tsammani i7 kullum ta fi i5. Ba haka ba ne, domin shekarar ƙira tana da muhimmanci. Tsohuwar i7 ta shekarar 2012 ba ta kai i5 ta shekarar 2018 ba. Ana gane ƙira daga lambar da ke bin sunan. Idan an rubuta i5-8250U, lamba 8 ta farko tana nuna ƙira ta 8 ce, abin da masu shago ke kira 8th Gen. Idan i5-6300U ce, ƙira ta 6 ke nan. Idan i5-10210U ce, ta 10. I5-1135G7 kuwa ta 11. Ku nemi i3 ko i5 ƙira ta 8 ko sama. Idan ta kamfanin AMD ce, Ryzen 5 3500U ko wadda ta biyo bayanta ta yi. Masu suna Celeron suna da araha ko da sababbi ne, amma suna da nawa, mai aiki da su yakan gaji da jira.

Na biyu, RAM. Ita ce masussuka. In ta yi ƙanƙanta, sai an kwashe wani aiki kafin a baza wani, aiki ya yi ta tsayawa. Ana auna ta da gigabayit, a rubuce GB. RAM mai 4GB ta yi kaɗan a yau. Ku nemi 8GB. Ku kuma tambaya ko ana iya ƙara mata nan gaba, domin a wasu kwamfutoci an like ta, ba ta ƙaruwa.

Na uku, ma'adana, watau rumbu. Iri biyu ne. Tsohon iri, HDD, yana da faifai a ciki wanda ke juyawa kamar sau 5,400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karatu a kansa. Jijjigar babur a hanya marar kwalta, ko faɗuwa daga kan benci, tana iya lalata shi, dukan lissafinku ya tafi. Sabon iri, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi jure jijjiga, bai kuma cika cin batir ba. Mai shago zai ce ga HDD mai 1,000GB, ga SSD mai 256GB kawai, ku ɗauki babba. Kada girman lamba ya ruɗe ku. Jerin sunayen mutum 500 da lissafinsu bai cika megabayit ɗaya ba, gigabayit ɗaya kuwa megabayit 1,000 ne. Hoton waya ɗaya yakan ci megabayit 2 zuwa 5. SSD mai 256GB zai ɗauki takardun ƙungiya na shekaru masu yawa da dubban hotuna. Ku guji mai 32GB ko 64GB, gama Windows kaɗai zai kusa cika ta.

Na huɗu, batir. A wurinmu wannan ya fi kyan jiki da launi muhimmanci. Kwamfutar da batirinta ba ya kai awa ɗaya, a ƙauye ba ta da amfani. Ku nemi wadda za ta yi awa uku ko huɗu tana aiki bayan an cire caja. Za mu nuna yadda ake gwadawa a ƙasa.

Game da girman allo, mai inci 14 ya fi sauƙin ɗauka a jaka. Mai inci 15.6 ya fi nauyi, amma sau da yawa yana da madannan lambobi a gefen dama, abin da ke taimakon ma'aji. Allo mai taɓawa ƙarin kuɗi ne kawai, in ya fashe kuma gyaransa da tsada.

Maganar Windows

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin da ke ƙasarmu. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba yi wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Kwamfuta mai Windows 10 ba ta daina aiki ba, amma kāriyarta daga ɓarayin intanet za ta riƙa raguwa. Windows 11 kuwa ba ta yarda da furosesar Intel da ta gaza ƙira ta 8 ba, in ban da 'yan kaɗan. Shi ya sa muka ce ƙira ta 8 ko sama. Tsofaffin kwamfutoci masu ƙira ta 4, ta 5 da ta 6 suna da yawa a kasuwa, kuma wasu masu shago sukan cusa musu Windows 11 ta bayan gida domin su yi kama da na zamani. Ganin Windows 11 a allo bai isa shaida ba, sai an duba lambar furosesa.

Domin rubutu da lissafi, akwai Microsoft Office, wadda ake saya da kuɗi. Akwai kuma LibreOffice, wadda kyauta ce bisa doka, tana aiki ba tare da intanet ba, tana kuma buɗe takardun Word da Excel. Ta ishi aikin ƙungiya. Manhajar sata da ake zubawa a bakin kasuwa takan zo da cututtukan kwamfuta. Irin kwamfutar da ake kira Chromebook tana da araha, amma ta fi dogara ga intanet, saboda haka ba ta dace da garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ba. Windows tana da tsarin madannai na Hausa mai ba da ɓ, ɗ da ƙ. Ku ce a kunna muku shi.

Sabuwa ko ta hannu?

Sabuwa tana zuwa da garanti, yawanci na shekara ɗaya, da batir mai cikakken ƙarfi. In kuɗinku ya kai ga sabuwa mai i3 ko i5, da RAM 8GB, da SSD 256GB, madalla. Amma sau da yawa kuɗin ƙungiya ba ya kaiwa sai ga sabuwa mai Celeron da RAM 4GB. A nan ne ya kamata a yi tunani a kan ta hannu, wadda ake kira tokumbo.

Yawancin tokumbo masu kyau daga ofisoshin Turai da Amurka suke fitowa, inda kamfanoni kan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru. Irin su Lenovo ThinkPad T480, da Dell Latitude 5490, da HP EliteBook 840 G5, dukansu na shekarar 2018, an ƙera su domin aikin ofis na kullum. Jikinsu da ƙarfi, suna kwancewa da sukundireba, kayan gyaransu kuma suna samuwa a manyan kasuwanni. Sai dai ku lura: a cikin waɗannan ma akwai waɗanda aka sa wa furosesa ƙira ta 7. Sunan da ke bayan murfi ɗaya ne, abin da ke ciki ya bambanta.

Tokumbo tana da nata haɗari. Batirin ya riga ya sha aiki. Garantin mai shago ba ya daɗewa. Wata an gyara ta an rufe da fenti. Wata ma ta sata ce. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Idan farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, akwai dalili.

Manyan kasuwannin kwamfuta su ne Titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja ta Legas. A can zaɓi ya fi yawa, farashi kuma yakan fi sauƙi. Amma ku lissafa kuɗin mota, ku kuma tuna in ta lalace bayan mako biyu, komawa can wata tafiya ce. Wani lokaci gara a ƙara kuɗi kaɗan a saya a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kontagora, a wurin mai shagon da aka san shi. Aika kuɗi ga wanda ya sa hoto a Facebook ko WhatsApp kuwa cinikin biri a sama ne. Kada ku yi shi da kuɗin jama'a.

Wuta ita ce rabin magana

Tun shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwanta ya ci garuruwa da tsibirai da gonaki, aka ta da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Duk da haka kowa ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu, wasu ƙauyuka ma waya ba ta kai gare su ba. Janareta kuwa ya ƙara tsada tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023. Saboda haka kada a sayi kwamfuta sai an san inda za a riƙa yi mata caji.

Abin farin ciki, kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cin wuta da yawa. A jikin caja za ku ga an rubuta 45W ko 65W, wannan shi ne iyakar abin da cajar ke bayarwa. A aikin rubutu da lissafi, kwamfutar takan ci wajen wat 15 zuwa 30. A ce tana cin wat 25, ana aiki da ita awa 4 a rana: 25 sau 4, wat-awa 100 ke nan. Farantin sola mai wat 100, a ranar da gari ya yi haske, yana iya tara ninki uku na wannan ko fiye. Ashe ƙaramin faranti guda, da batir mai volt 12, da na'urar daidaita caji, da ƙaramar inbata, sun isa su riƙe kwamfuta da wayoyi da fitila. A lokacin hunturu a riƙa share ƙura daga kan farantin, in ba haka ba ƙarfinsa zai ragu.

Idan za ku haɗa da firinta, ku sani mai aiki da garin tawada, wadda ake kira leza, tana jan wat ɗaruruwa sa'ad da take ɗumama, ƙaramar inbata ba za ta ɗauke ta ba. Mai tawadar ruwa ba ta cin wuta sosai, amma in an bar ta makonni ba a buga kome ba, tawadar takan bushe ta toshe.

Yadda za a raba kuɗin

Ba za mu rubuta farashi a nan ba, gama kwamfuta kayan waje ce, farashinta yana bin dala. A farkon shekarar 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a shekarar 2024 ta haura naira 1,500. Ku tambayi shaguna uku a mako guda kafin ku yanke shawara.

Shawararmu ita ce a kasa kuɗin da aka ware kashi goma. Kashi bakwai domin kwamfutar kanta. Kashi biyu domin wuta, da jaka mai kauri, da filashi biyu, da soket mai kāriya daga hawan wuta. Kashi ɗaya a bar shi a asusu domin gyara, musamman sabon batir ko caja. In ba ku da wuta sam, kason sola zai fi haka, sai a rage na kwamfuta ko a jira kaka mai zuwa. Kada ku ci bashi mai ruwa domin sayen kwamfuta. Ba ta haihuwa, ba ta tsiro, darajarta raguwa take yi kowace shekara.

Ranar saye

Ku tafi mutum biyu, ɗaya ya zama wanda ya san kwamfuta. Ku ba gwaji lokaci, ko da awa guda ce. Mai shagon da ya hana gwaji, ku bar masa kayansa.

1. Ku danna Ctrl da Shift da Esc tare. Wani shafi zai buɗe, ku shiga wurin da aka rubuta Performance. A nan za ku ga ainihin lambar furosesa, da yawan RAM, da ko ma'adanar SSD ce ko HDD. Kada ku dogara ga takardar da aka manna a jiki.

2. Ku ce a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batir na asali da abin da yake ɗauka yanzu. Idan na yanzu bai kai kashi 70 cikin 100 na asali ba, a sauya batir ko a rage kuɗi. Sa'an nan ku cire caja, ku bar ta tana aiki minti 30, ku ga nawa ya sauka.

3. Ku danna kowane harafi da kowace lamba. Ku duba layin haruffa na sama ya fara da QWERTY. Waɗanda suka fito daga Faransa suna farawa da AZERTY, na Jamus da QWERTZ, za su wahalar da mai koyo.

4. Ku buɗe farin shafi ku duba allo, kada a sami tabo ko layi. Ku buɗe murfi ku rufe, ku ji ko maƙallan sun yi sako-sako.

5. Ku gwada kowace kafar USB da filashinku, ku haɗa ta da intanet ɗin wayarku, ku gwada kyamara da lasifika.

6. Ku kashe ta ku kunna. Kada ta nemi kalmar sirri ta wani, ko ta nuna sunan wani kamfani ko makaranta a matsayin mai ita. Irin wannan kulle yana da wuyar cirewa.

7. Ku karɓi caja ta asali. A rubuta rasit da sunan ƙungiya, da lambar jikin kwamfutar wadda ke ƙarƙashinta, da kwanakin garanti, da sa hannun mai shago.

Bayan an kawo ta gida

Maƙiyan kwamfuta a ƙasarmu huɗu ne: zafi, ƙura, ruwa da tsawa. A watannin Maris da Afrilu kada a bar ta cikin mota ko a rana, gama zafi yana kashe batir. A ɗora ta a kan tebur, kada a kan katifa ko tabarma, domin iska ta shiga ta ƙasa. Da hunturu a rufe ta a jaka in an gama aiki. In za a haye ruwa da kwalekwale, a sa ta cikin leda mai kauri a ɗaure kafin a sa a jaka. Da damina, in hadari ya taso, a zare caja daga bango.

Kowane ƙarshen wata a kwafe lissafi a filashi biyu, ɗaya a wurin magatakarda, ɗaya a wurin ma'aji. A buga shi a takarda kuma, a karanta a gaban taro. Kada a yar da littafin lissafi na hannu. Shi ne shaidarku ranar da kwamfuta ta ƙi tashi.

A rubuta a dokar ƙungiya cewa kwamfutar ta ƙungiya ce, da sunan wanda zai riƙe ta, da yadda zai miƙa ta in wa'adinsa ya cika. Mutum biyu su san kalmar sirri. Kada a mai da ita abin kallon fim na yara, kada kuma a riƙa sa mata filashin kowa. Lambobin BVN da NIN na 'yan'uwanku amana ce a hannunku, ɗan damfara yana iya cutar mutum da su, kuma tun shekarar 2023 Nijeriya tana da dokar kāre bayanan mutane.

Muna roƙon shugabanni su karanta wannan bayani a taro na gaba, kowa ya ji, a yi muhawara kafin a taɓa asusu. Ƙungiyar da ta riga ta saya kuma ta taimaki maƙwabciyarta da shawara, ta ba da aron mutumin da zai raka su kasuwa.